Tsohon Ɗaki na Huɗu

Minti takwas kacal ake ba kowa a ɗaki na huɗu, kuma Auta ta riga ta cinye biyu wajen wanke hannu da gaisuwa.

Wannan ne karo na uku da take zana jarrabawar ƙarshe ta aikin jinya. A dokar kwalejin kiwon lafiya ta jami'ar babu karo na huɗu. In ta sake faɗuwa, sai ta tattara littattafanta ta koma gida ta kalli idon Inna.

Jarrabawar kuwa da mutum ake yinta. Kwalejin kan ɗauko mutanen unguwa, galibi 'yan fansho, ta koya musu ciwon ƙarya. Su haddace, su kwanta, su yi ta nishi, ɗalibi ya duba. Ba baƙin ginin ba ne dama, don duk Laraba a nan ake duba su kyauta. Yau ma sai da Auta ta kutsa ta cikin layinsu a baranda kafin ta kai ƙofar.

Ɗakin ba taga. Gado ɗaya, fanka mai ƙugi, sai kujera a lungu inda Malam Ba-Ragi ya harɗe da takardar maki a cinya. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, kuma wallahi ya ci sunansa. Ba a buɗe ƙofa sai an kaɗa ƙararrawa.

Kowa ya san ɗaki na huɗu gyambon ciki ne, duk shekara. Ka tambayi abinci, ka danna ciki, ka ba da shawara, ka fita da makinka.

Tsohon da ke kan gadon ya iya abinsa, ba ƙarya. Ya lanƙwashe ƙafafu, leɓɓansa sun bushe, hularsa na ƙasa bai ko kula ba.

"Sannu Baba. Ina ke maka ciwo?"

"'Yata, ke ce ta tara," in ji shi da ƙyar. "Kowa ya zo ya danna ya tafi."

Malam Ba-Ragi ya ja tsaki. "Baba, a tsaya kan abin da aka tsara. Tun safe kake ƙara gishiri."

Auta ta kama wuyan hannun tsohon tana kallon agogo. Fatar sanyi ƙalau, ga gumi. Ta ƙirga bugun jininsa, ta sake ƙirgawa. Ɗari da talatin.

Al'adar jarrabawar ita ce ɗalibi ya nuna ya iya aunawa, sannan malami ya karanto masa lambar da ke rubuce, tunda mai wasa lafiyarsa lau. Malam bai ɗaga kai ba ya ce, "Ɗauka tamanin ne. Ci gaba."

Ta ci gaba. Ta ɗora tafin hannu a cikinsa, ta ji shi tauri kamar katako. Ta danna a hankali, ta saki. Tsohon ya yi wata ƙara, ya damƙe gefen gado har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Ta ɗan ja da baya. Sau biyu abin da ya kayar da ita ke nan: shisshigi. "Kina ganin abin da babu," haka aka rubuta mata bara. Ta yi wa Inna rantsuwa bana ba za ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ake so ba.

Saura minti biyu. Jimla uku kawai ake nema daga bakinta, kuma ta haddace su tsaf. Ta buɗe baki, suka ƙi fitowa. Ta dubi ƙofa a rufe, ta dubi biron Malam, ta dubi tsohon da idanunsa suka fara lumshewa. Tsoro ya kama ta sosai, na kanta da nasa.

"Malam, a kawo gadon tura marasa lafiya. Tiyata yake buƙata, yanzu."

"Ba ya cikin takarda."

"Na sani, Malam."

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

Ta sani sarai. Ta ga biron ya ja dogon layi a gaban lambarta. Shi ke nan, shekara biyar ta bi iska. Hawaye na zubo mata ta nufi ƙofar da ɗalibi bai isa ya taɓa ba, ta murɗa.

Ta yi kiciɓis da sakatariyar jarrabawa, tana haki, tana janye da wani dattijo ja-jawur da lafiya, riƙe da takardar da ya haddace.

"Malam, a yi haƙuri, ga mai wasan ɗaki na huɗu. Sai yanzu ya iso, mota ce ta mace musu a hanya." Ta hango gadon, ta yi turus. "Wannan kuma wane ne?"

Tsohon ya ɗaga wani ɗan kati mai lamba.

"Ni dai duba lafiya na kyauta na zo, 'yata, aka ce in shigo nan in kwanta."