Sambusar Kabewa a Gidan Mahauta

Tun shekarar da sojoji suka karɓi mulki nama ya yi tsada a Filinge, sai Haske ta koma cusa wa sambusarta abin da lambu ya bayar. Yau kabewa ce da albasa, da dankalin Bonkuku.

Tana cikin yanka saurayinta Jibo ya iso, ɗan Na'Allah mahauci, ya tsaya yana murza hularsa kamar zai matse mata ruwa.

"Mi ya faru? Kun gana da Baba?"

"Mun gana." Ya dubi kasko, ya dubi ƙasa. "Ya ce a'a ga maganar aurenmu. Wai macen da ke saka kabewa inda ake saka nama, in ta shiga gidanmu mahauta za su yi masa dariya har Baleyara."

Wuƙar ta tsaya. Jibo ya zaci kuka za ta yi, sai ya ga kafaɗunta na rawa da dariya.

"Baba Na'Allah ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

"To, wa ke zagayowa ta bayan rumfa duk ranar kasuwa, ya ci shida a tsaye, ya ce in ƙara tattasai?"

Jibo ya buɗe baki bai rufe ba. An hana shi ne, ko an ba shi? Kafin ya gano, ta naɗe shida masu zafi ta ɗora masa a tafin hannu.

"Kai masa gaban abokansa. Ka ce surukarsa na gaisuwa."