Zobe a Aljihun Hagu

Zoben ya sake faɗowa, ya yi ƙara a kan siminti, ya gangara ƙarƙashin kujera. Karo na tara ke nan tun safe. Na durƙusa ina lalube, gwiwoyina suna ƙorafi.

Ni mai walda ne, yatsuna kamar guntayen rodi. Amma tun ina saurayi nake son zama ɗan dabo, kuma dabara ɗaya tak na iya, wadda wani direba ya nuna mini a tsaitsaye: ka rufe zobe da hankici, ka zura shi cikin hannun riga, ka sauke hannu ya zame cikin aljihun hagu. Shekarun farko ta sha ba ni kunya. Sai rana ɗaya hannuna ya faɗa, kuma shekara ashirin da shida ban ƙara kuskure ba.

Matata, Allah ya jiƙanta, ita ce babbar 'yar kallona. Zoben ma nata ne. Ba ta yarda in gwada ni kaɗai. Ko tana tsakiyar wanki sai ta ce in jira ta, dabo babu mai kallo wahalar banza ce. Ita ke shimfiɗa mini kafet mai kauri, wai ɗan dabo ba ya tsayawa a ƙasa. Kuma kullum, kafin in sa hannu a aljihu, sai ta taso ta gyara mini riga tana mita, wai wuyan rigata ya karkace, zan ja mata magana a gaban mutane.

A gadon asibiti abu ɗaya ta roƙe ni: kada in bar jikoki babu dabo.

Wata huɗu bayan rasuwarta, Auta, ƙaramar 'yarmu, ta ce kowa zai taru a gida ranar Asabar. Ta naɗe kafet ta kai wanki. Ni kuma na fara gwaji, zobe ya fara bin ƙarƙashin kujeru. Na ce shi ke nan, matata ta tafi da hannuna.

Laburaren unguwarmu yana kan hanyar shagona, amma ban taɓa shiga ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma wurin da ake hana mutum tari ba wurina ba ne. Ranar Talata na cire hular kunya na shiga.

Mai kula da littattafan dattijuwa ce, tabarau a rataye da igiya. Na rage murya na ce ina neman littafin dabo, na jikana ne. Ta tambaya ko jikan shi ma ya yi furfura. Da na faɗi sunana don ta yi mini kati, sai ta ɗago. Ta dube ni, ta dubi wuyan rigata, ta yi murmushi. Ba ta ko duba kwamfuta ba, ta miƙe kai tsaye zuwa kanta ta ƙarshe, kusa da littattafan kiwon kaji. Na kai hannu kan wani sabo mai ƙyalli, ta janye shi, ta ba ni wani tsoho mai koren bango.

"Wannan ne naka, Malam," in ji ta.

Hotuna sun fi rubutu yawa, na gode wa Allah. Na bi shi babi-babi a shago, tsakanin wannan ƙofa da waccan taga. Babi na bakwai kaɗai na tsallake, domin a kan mataimakin ɗan dabo yake, ni kuwa ban taɓa buƙatar mataimaki ba. An ma lanƙwashe gefen shafin, ga ɗigon mai a kai. Na yi tsaki. Wasu ba su san darajar littafi ba.

Har ranar Juma'a zoben bai daina faɗuwa ba.

Asabar falo ya cika. Auta ta dawo da kafet da sassafe, ta shimfiɗa. Yayan matata, wanda bai taɓa raga mini ba, ya ce wa yara kowa ya ɗage ƙafa, ga Sarkin Dabo nan zai yi ɓarna. Ba su yi dariya sosai ba. Idonsu na kan kujerar kakarsu.

Na rufe zobe da hankici. Na ji ya bi hannun riga. Na sauke hannu, ban ji ƙarar komai ba, amma na kasa taɓa aljihun. Auta ta sunkuya tana kwashe kofuna, sannan ta miƙe ta nufo ni.

"Baba, haka za ka tsaya a gaban jikokinka? Dubi wuyan rigarka."

Muryar uwarta sak. Ta gyara mini rigar, na zura hannu a aljihun hagu. Zobe na nan.

Yara suka yi ta tsalle a kan kujeru. Yaya ya yi dariya har da share ido, na ɗauka kunya ce ta kama shi.

Ranar Litinin na mai da littafin ina tafiya kamar mai lambar yabo. Da mutum uku a gabana, don haka na buɗe babi na bakwai don kashe lokaci. Hoton farko, mataimaki ya taka abin da ya faɗi a kan kafet. Na biyu, ya sunkuya kamar zai ɗauki wani abu dabam. Na uku, yana gyara wa ɗan dabo riga, hannunsa ɗaya a bakin aljihu.

Na juya bangon baya, inda tsohon katin aro yake maƙale. Mutum biyu ne kawai suka ari littafin kafin ni: matata, shekara ashirin da shida da suka wuce, sai Auta, a makon da aka kwantar da uwarta a asibiti.