Fitowar da Ya Yanke

Jarumar ta banko ƙofar ɗakin tace finafinai ko sallama babu. Mai tacewar, saurayinta, ya juyo da murmushi.

"Ranki ya daɗe, ya kika ga fim ɗin?"

"Ina fitowar da na yi kuka a asibiti? Kwana uku ana ɗaukarta!"

"Ta yi tsawo ne."

"Tsawo ta yi, ko kyau?"

Ya sunkuyar da kai yana murza linzamin kwamfuta. Can ya ce, "In duniya ta ga wannan kukan, kin fi ƙarfina."

Ta daɗe tana kallonsa, idonta jawur.

"Da ka bar fitowar nan, wallahi da na aure ka. Ka ce wa kawunka kada ya wahalar da kansa zuwa gidanmu."