Sirrin da Ya Leƙo ta Katanga

Bijimai biyu Na-Sani ya ɗaure a turke yana kiwon ƙiba, amma da rani ya tsananta sai haƙarƙarinsu ya fito, tozo ya kwanta. Abin da ya fi ci masa rai, katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan yayansa, kuma shanun matar yayan sai sheƙi suke yi.

Ita duk Laraba takan je rumfar da malamin gona ke koyar da masu kiwo.

"Ƙanin miji, taso mu je mana," in ji ta. "Akwai benci, ba za ka tsaya ba."

"Ni da na girma cikin kashin shanu? Mai biro a aljihu ne zai koya mini kiwo? Ki gaishe shi."

Wata safiya ya leƙa ta katanga, ya ga tana narka takin zamani na yuriya a ruwa tana yayyafa wa bambaro, wato busasshen karan shinkafa. Ya ce a ransa, "Ashe sirrin ke nan!" Bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya ciko kwano da taki, ya juye a kan dusa, ya tura wa bijimansa.

Babban ya tunkuɗe ƙaramin, ya cinye shi kaɗai. Ba a jima ba ya fara karkarwa, yawu na dalala, ciki ya kumbura kamar ganga. Na-Sani ya ruga neman wuƙa. Kafin ya dawo, bijimin ya zama mushe.

Matar yayan ta same shi zaune a ƙasa, wuƙa a hannu, ya faɗa mata abin da ya yi. Ranar ba ta tsokane shi ba.

"Farkon aikin ka gani," ta ce. "Ana auna takin, a rufe bambaron da tamfol sati uku, a buɗe ya sha iska, sannan a ba dabba. Me ya hana ka tambaya?"

Laraba ta gaba shi ya riga kowa zuwa rumfar. Malamin gona bai yi masa gori ba. Ya koya masa awon taki, da saba wa dabba sabon abinci kaɗan-kaɗan, da maganin tsutsar ciki, da gishirin lasa. Na-Sani ya yi ta tambaya har aka fara yi masa dariya.

Bayan wata huɗu mahauci ya zo, ya zagaya ƙaramin bijimin sau biyu, ya latsa gefensa yana laluben haƙarƙari.

"Kai! Ina ka ɓoye ƙasusuwan?"

Satin nan malamin gona ya kawo sababbin ɗalibai gidan Na-Sani, ya ce masa, "Yau kai ne malami." Na-Sani ya tsaya gaban tamfol ya bayyana komai tiryan-tiryan, har da yadda ya yi asara. Matar yayan ta rangaɗa guɗa.

Jama'a, rabin sani ya fi jahilci haɗari. Kafin ku sauya wa dabba abinci ko magani, ku je wurin malamin gona ku ji bayanin har ƙarshe.