Shekara Goma Ake Nema

"Shekara arba'in ina hawa rufin gidajen mutane, ki ce min ban yi aiki ba?"

Ma'aikaciyar ofishin inshorar lafiyar tsofaffi ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yallaɓai, shekara shida na gani ka biya haraji. Goma ake nema kafin inshorar ta ɗauke ka."

Shi ne fa wanda ba ya karɓar ladan aiki sai dala a hannu, don kada gwamnati ta gutsura. A mashayar unguwa har wa'azi yake wa masu albashi, yana kiran su shanun tatsa. Yau ga shi da shekara sittin da biyar, ƙugu ya ƙi, likita ya ce sai tiyata.

"Ka taɓa aure?" ta tambaya.

"Na taɓa. Mai dafa abinci ce a firamare. Ita kam ta yi ta biya, sokuwa."

"To ka tsira. Aikinta zai ɗauke ka ko da kun rabu, muddin auren ya kai shekara goma."

Ya gyara zama yana murmushi, ya faɗa mata ranar auren da ranar rabuwar. Sai da ta fara ƙirgawa da yatsu ya tuna lauyan da ya ce masa ya hanzarta sakin, kafin auren ya cika shekara goma kotu ta ɗora masa ciyar da matar. Ranar da aka raba auren har giya ya saya wa kowa.

"Tara da wata goma sha ɗaya," in ji ma'aikaciyar. "Na baya ya matso."