Zauren Baba Sarƙa

Kai da kake tambaya ko a rufe zaurenku na waya ko a kwashe a koma wata manhaja, gyara zama ka ji misali, don irin wannan ba a aji ake koyar da shi ba.

An yi wani tela mai son dambe kamar ransa. Ko kaza bai taɓa nausa ba, amma in yana ba da labarin wasa sai ka rantse shi ya yi kisan. Shi ya buɗe zaure a waya don masoyan wani tsohon ɗan dambe da ake kira Baba Sarƙa. A zamaninsa Baba ya kwantar da maza, amma yanzu ido ya yi rauni, hannun da ake naɗa wa zare kuwa rawa yake yi, ko kofin koko sai da dabara. Kirari kaɗai ya rage masa. Aka nuna masa inda ake dannawa a yi magana, kullum da hantsi sai ya danna ya saki kirarinsa na da, zaure ya ɗauka: "Sai kai, Baba, maganin maza!" Tela kan ajiye almakashi ya saurara har tsigar jikinsa ta tashi.

Ana nan sai samarin wani ɓangare suka samu ƙofa suka shigo. Babbansu wani mai faci ne, bakinsa ya fi allurar tela tsini. Baba na gama kirari sai ya ce, "Baba, a bar kirari haka, a nemi sanda!" Baba ya mayar masa, "Yaro, je ka tambayi kawunka inda haƙoransa na gaba suka tafi." Tsoho na tari yana dariya, amma tela ba dariyar yake ji ba, zagin yake ji, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Aka yi shawara. Wasu suka ce a kori baƙi a rufe ƙofa. Wasu suka ce ka kori ɗaya yau, gobe ya dawo da sabon layi. Sai tela ya kawo dabarar da ya yi mako yana yabon kansa a kanta: a sulale a koma sabuwar manhaja, amma kada kowa ya fita daga tsohon zaure. A kashe masa ƙara kawai, a bar sunaye a jere kamar mutum-mutumi a gona, 'yan ba'a su yi ta surutu da iska. Don kada zance ya fita, ya bi kowa a ɓoye ya rubuta masa. Ya rubuta wa Baba ma. Baba kuwa murya ya sani, bai iya karanta rubutu ba.

Sabon zaure ya yi tsaf, ba zagi ba gori, an cika shi da tsofaffin hotunan Baba. Kowa ya ɗauka wani ya je ya gaya wa tsoho. In aka ce, "Wai ina Baba ne?" sai tela ya ce, "Zan leƙa in saka masa manhajar da hannuna, bari ɗinkin sallah ya lafa." Sallah ta wuce, ɗinkin biki ya shigo.

Wata rana da hantsi tela ya buɗe tsohon zaure don ya ga yadda tarkonsa ya kama, ya samu abin dariya. Sai ya tarar da muryoyi jere, ya fara dannawa. Ta farko kirari ne cikakke, ba wanda ya amsa sai mai faci da ba'arsa. Na gaba suka yi ta gajarcewa. Can sai ga Baba ba kirari, murya ƙasa-ƙasa: "Jama'a, an duba mini an ce duk kuna nan. Ko laifi na yi muku ne? In na yi, ku yafe wa tsoho." A ƙarƙashinta mai faci ya ce, "Baba, ni fa ina ji. Yi kirarinka in samu abin tsokana." Baba ya yi, mai faci ya tsokane shi, haka suka yi ta yi su biyu. Muryar ƙarshe ta mai faci ce, ba wasa a cikinta: "Mutanen Baba Sarƙa, in akwai mai ji, Allah ya yi masa rasuwa. Mun kai shi jiya, ni na kama gaban makara. Iyalinsa sun ce har ya cika yana tambaya ko waya ta yi ƙara."

Tela ya zauna a gaban keken ɗinkinsa. Ya daɗe yana kallon sunayen nan da ya jera da kansa. Daga baya ya danna, ya ce, "Sai kai, Baba, maganin maza." Muryarsa ta shiga zaure ta zauna, ba wanda ya amsa.

To ka ji. Ka rufe ko ka tashi, wannan ruwanka ne, amma kafin ka ɗaga ƙafa ka waiwaya ka ga wanda ba zai iya bin ka ba. Tela ya samu zaure mai tsabta, ya rasa wanda aka gina zauren dominsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.