Safar Hannun Namondo

Ƙanƙara ta tsare Namondo da Ekema a wata bukka a tsakiyar Dutsen Kamaru, sauran masu hawa don tallafa wa marayu, har da Liengu ƙawar Namondo, sun yi gaba. Namondo ta gurɗe a ƙafa, amma daɗi take ji, tunda Ekema ya tsaya tare da ita.

Ta ce, "Ekema, in mun sauka, ka je ka ga babana."

Ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

"Ƙawarki Liengu zan sa wa zobe, can a ƙololuwa."

Ya kai ƙofa, sai ya juyo. Ta ɗago da sauri.

"Tunda ba hawa za ki yi ba, ara mata safar hannunki. Ba ta jure sanyi."

Ta cire ta miƙa masa.